In'ina: Tambayoyin da Iyaye da Masu Fama da Ita Suka Fi Yi

Da wuya ka sami unguwar da babu mai in'ina, kuma da wuya ka sami wanda ba shi da ta cewa a kanta. Wannan ya ce gado ce, wancan ya ce tsoro ne, kaka ta ce a kira wanzami. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin iyaye, malamai da masu in'inar kansu. Wasu amsarsu ba ta wuce layi uku ba, wasu kuwa sai da muka shimfiɗa tabarma.

Wai mece ce in'ina? Ita ce tsamin baki?

A'a, daban suke. Mai tsamin baki harafi ne ba ya fita daidai a bakinsa, amma maganarsa tana tafiya ba tangarɗa. Mai in'ina kuwa ya san kalmar sarai, ya iya furta ta, jiya ma ya faɗe ta lafiya lau, amma yau da ya zo kanta sai ta maƙale. Takan zo ta hanya uku: ko ya yi ta maimaita gaɓa, "ba-ba-ba-baba", ko ya ja sauti, "sssssannu", ko kuma maganar ta toshe gaba ɗaya, baki a buɗe ba abin da ke fita. Ta ukun ta fi azaba, kuma ita ce mutane suka fi jahilta, don sai su ɗauka yaron ya manta abin da aka aike shi ne. Ƙifta ido, buga ƙafa, dukan cinya da kaɗa kai da ake gani ba iyayi ba ne, kokawa ce yake yi da kalmar.

A duniya kusan mutum 1 cikin kowane 100 na manya yana da in'ina. Wato garin da ke da mutum miliyan ɗaya, ana maganar wajen mutum 10,000. A cikin manya, maza sun ninka mata kusan sau huɗu.

Ɗana shekararsa uku, da yana magana lafiya, yanzu ya fara. Zai daina?

Mai yiwuwa ne ƙwarai. In'ina ta fi farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, lokacin da yaro ya bar kalma ɗaiɗai ya shiga haɗa jimla. Kusan yara 5 cikin 100 sukan yi ta na ɗan lokaci, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu nasu tana barinsu da kanta kafin su girma. Sai dai ba mai iya duban yaro ya rantse cewa yana cikin waɗanda za ta bari. Abubuwan da ke sa a ƙara sa ido su ne: idan akwai babban da har yanzu yake yi a dangin uwa ko na uba, idan yaron namiji ne, idan ta fara bayan ya wuce shekara uku da rabi, idan ta haura wata shida zuwa shekara ba ta ragu ba, ko kuma ya fara jin haushin kansa, yana cewa "na kasa faɗa", yana gudun magana. In an ga waɗannan, kada a tsaya kan "zai daina in ya girma".

Ku kuma sani cewa tana zuwa tana tafiya. Ta yi sati biyu kamar an ɗauke, sannan ranar suna ko ranar da gida ya cika da baƙi ta dawo da ƙarfinta. Wannan halinta ne, ba wai wani abu ya lalace ba.

Me ke kawo ta? Ko wani abu muka yi ba daidai ba?

Ba ku kuka jawo ba. Wannan ita ce amsar da ta fi kamata uwa ta ji, don sau da yawa ita dangin miji suke ɗora wa.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne gado da kuma yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin magana. Magana aiki ce mai sauri: numfashi, maƙogwaro, harshe da leɓe duk sai sun haɗu cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a wurin masu in'ina, hanyoyin da ke haɗa sassan magana, musamman a ɓangaren hagu, sun ɗan bambanta da na sauran mutane. Ba ruwan wannan da basira. A 2010, Dennis Drayna da abokan aikinsa a Amurka sun gano ƙwayoyin gado na farko da ke da alaƙa da in'ina, ta hanyar nazarin wasu manyan iyalai a Pakistan. Daga baya suka yi irin wannan aiki a kan wata babbar zuri'a a nan maƙwabciyarmu Kamaru, wadda masu in'ina suka yi yawa a cikinta, suka kuma gano wata ƙwayar gadon. Don haka tsohuwar da ta ce "ai kawunsa ya gado" ta fi kusa da gaskiya fiye da wanda ya ce aljani ne ya shafe shi.

An taɓa yin zamanin da masana kansu suka ɗora wa iyaye laifi. A 1939, a jihar Iowa ta Amurka, an yi wani gwaji a kan marayu 22 ƙarƙashin wani malamin jami'a mai suna Wendell Johnson, wanda shi kansa mai in'ina ne. Wasu daga cikin yaran da ke magana lafiya aka yi ta gaya musu cewa maganarsu ba ta da kyau, in'ina ta kama su. Gwajin bai tabbatar da cewa kushe yana haifar da in'ina ba, amma yaran sun koma masu tsoron buɗe baki, kuma a 2007 jihar ta biya diyyar dala 925,000. Faɗa da kushe ba su ke kawo in'ina ba, amma suna iya sa yaro ya tsani magana, wanda ya fi in'inar kanta muni.

An ce kwaikwayon mai in'ina na sa a kamu. Haka cakulkuli, da canza wa bahago hannu, da koyon harsuna biyu.

Ba ko ɗaya. In'ina ba mura ba ce da za a ɗauka. Iyayenmu da suka ce "kar ka kwaikwaye shi, za ta kama ka" dabara suka yi don a daina tsokana, kuma Allah ya saka musu, amma ba haka abin yake ba. Zancen bahago masanan Amurka sun riƙe shi wajen shekarun 1930, daga baya aka watsar don ba a sami hujja ba. Yaron da ke jin Hausa a gida, Fulatanci a wurin kaka, Turanci ko Faransanci a boko, Larabci a islamiyya, kada a hana shi ko ɗaya saboda in'ina.

Kakarsa ta ce a kai shi wanzami ya yanke masa linzami ko ya cire beli.

Kada a kai shi. Matsalar ba a harshe take ba, ba kuma a maƙogwaro ba. Hujja mai sauƙi da za ku kawo wa Hajiya cikin ladabi: wannan harshen dai shi ne yake rera waƙa da shi ba tare da ya cije ba. Da linzami ne ya riƙe shi, da waƙar ma ba za ta fita ba. Yanka kuwa yana iya jawo zubar jini, ƙwayoyin cuta da sandarewar jiki, ga tsoron da za a dasa wa yaron game da bakinsa.

Ba mu kaɗai muka taɓa bin wannan hanya ba. A 1841 wani shahararren likitan fiɗa na Jamus mai suna Dieffenbach ya riƙa yanke wani yanki na harshen masu in'ina, wasu likitocin Turai suka bi sahu, aka yi asarar rayuka, in'ina kuma tana nan. Ba a daɗe ba aka bari.

To me ya sa a makarantar allo yake karatu tiryan-tiryan, amma in an aike shi shago sai ya kasa? Anya ba da gangan yake yi ba?

Wannan tambayar ta jawo wa yara da yawa bulala a banza. Sananne ne cewa in'ina tana raguwa sosai, wani lokaci ta ɓace ɗungum, idan mutum yana waƙa, ko yana karatu murya ɗaya tare da jama'a, ko yana bin wani kari, ko yana magana shi kaɗai, ko da jariri, ko da akuyar gida. Karatun allo ya tara kusan duka: ga rerawa, ga haɗa murya, ga kalmomin da aka riga aka haddace. Amma a ce ya tashi shi kaɗai ya biya wa Malam, ko ya tsaya gaban mai shago mutum biyar na jira a bayansa, ya ce "a ba ni sukari na ɗari biyu", nan ne take tsayawa. Abin da ya fi ba masu in'ina wuya sau da yawa shi ne faɗin sunansu, don suna ba a musanya shi da wata kalma. Sai kuma sallama da amsa waya.

A gida me za mu yi masa?

Nan ne mafi yawan taimakon yake, kuma ba ya cin ko sisi.

Da farko a bar "nutsu mana", "yi a hankali", "ja numfashi", "sake faɗa". Kowa da kyakkyawar niyya yake faɗarsu, amma abin da yaron yake ji shi ne: ba a sauraron abin da nake faɗa, yadda nake faɗa ake kallo. Maimakon ki ce masa ya rage sauri, ke ki rage naki. In ya gama magana, ki ɗan dakata kafin ki amsa. Yara suna ɗaukar saurin maganar gida kamar yadda suke ɗaukar karin harshe.

Kada a ƙarasa masa kalma. Na san da wuya, musamman tukunya na kan wuta shi kuma yana tsaye yana "U-u-u-umma". In ba ki da lokaci a sannan, gara ki ce, "Ina so in ji, bari in sauke wannan in zo," kuma ki zo ɗin. Idan yana magana a dube shi yadda ake duban kowa, kada a kawar da kai don tausayi, kada a ɓata fuska.

A rage jero masa tambayoyi. "Ina ka je, wa ka gani, me ya ce maka, ina canjin?" a numfashi ɗaya ko babba sai ya daburce. A gidan yawa kuma, inda mai ƙarfin murya shi ke samun fili, sai an kafa doka: in wani yana magana, saura su jira. Dokar ta hau kan kowa, har da shi mai in'inar, don kada ta zama gata da 'yan'uwa za su riƙa jin haushi.

Cibiyar Michael Palin da ke Landan, wadda aka buɗe a 1993 don yara masu in'ina, tana koya wa iyaye wani abu da kowa zai iya: minti 5 kacal, sau 3 zuwa 5 a mako, uwa ko uba su zauna da yaron shi kaɗai, ba waya, ba rediyo, a yi wasan da shi ya zaɓa, a bar shi ya ja ragamar hira. Iyaye maza, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Yaro da yawa in'inarsa ta fi tsanani a gaban Baba, saboda a gabansa ne aka fi tsoron yin kuskure.

Mu yi masa maganarta, ko mu yi kamar ba mu lura ba?

In ya lura, ku yi masa. Shirun da kowa ke yi shi ke nuna wa yaro cewa abin kunya ne. Ya isa a ce, "Wannan kalmar ta ɗan ba ka wuya ko? Ba komai, ina jin ka." Wani masani Ba'amurke, Joseph Sheehan, ya kwatanta in'ina da ƙaton dutsen ƙanƙara a teku, wanda ɗan kansa kawai ake gani, gangar jikin tana ƙarƙashin ruwa. Mu da ba mu da ƙanƙara sai mu ce kamar rogo: ganyen ne a sama, nauyin yana cikin ƙasa. Abin da ke ƙasa shi ne kunya, fargaba, da kalmomin da aka haɗiye.

A makaranta fa? Yara suna kwaikwayonsa, sun ma sa masa suna.

Ku je ku ga malamin ajin da kanku, tun farkon zango, kada ku jira sai an yi kuka. Ku roƙi abubuwa ƙanana: in za a yi karatu ɗaya bayan ɗaya a sa shi cikin na farko, don jiran layi yana tara fargaba, a bar shi wani lokaci ya karanta tare da wani, kiran suna da safe a yarda ya ɗaga hannu, kada a rage masa maki a hadda ko gwajin baka saboda tsayawa. Amma kada a ce an yafe masa magana gaba ɗaya, wannan ba taimako ba ne. A tambaye shi shi ma abin da yake so.

Tsokana kuwa malami ne zai kashe ta, in ya nuna ba ya ɗauka. Ayar da ke hana izgili da jifa da miyagun laƙabi tana cikin Suratul Hujurati, aya ta 11, kuma kowane ɗan islamiyya ya san ta. Mu manya ma da namu laifin: muddin muna ƙyaƙyata dariya duk lokacin da ɗan wasan barkwanci ya kwaikwayi mai in'ina a fim, me za mu ce wa yara?

Wane likita ake gani, kuma a ina?

Ba likitan ƙwaya ba ne, ƙwararre ne kan gyaran magana. A asibitocin Najeriya da Gana za ku ji ana ce masa speech therapist, a Nijar, Chadi da yawancin Kamaru kuma orthophoniste. Gaskiya ba su da yawa, kuma sun fi taruwa a manyan birane. Hanya mafi sauƙi ita ce ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ko ba a same shi a nan take ba, su suka fi sanin inda za a tura ku. A Najeriya hukumar gwamnati mai suna Medical Rehabilitation Therapists Board (MRTB) ce ke yi wa masu wannan aiki rajista, don haka ba laifi ba ne ku tambayi wanda zai karɓi kuɗinku ko yana da ita.

Ga ƙananan yara akwai tsarin Lidcombe, wanda aka ƙirƙira a birnin Sidni na Ostareliya. Iyaye ne ke yinsa a gida kullum, ƙwararren yana duba su yana gyara musu, kuma an fi samun nasararsa kafin yaro ya kai shekara 6. Shi ya sa muke cewa kada a yi ta jira. Wasu ƙwararrun yanzu suna ganin mutane ta kiran bidiyo.

Akwai ƙwaya ko allura? Rubutu da addu'a fa?

Babu wata ƙwaya da aka amince da ita a matsayin maganin in'ina. Duk wanda ya ce a Facebook ko a lasifikar kasuwa yana da garin da ke warkar da ita cikin kwana bakwai, kuɗinku yake so. Addu'a kuwa ba mai hana ku, kuma ba ta karo da zuwa asibiti. Abin da za a guje wa shi ne duk wani magani da ya haɗa da yanka, duka, turaren da ke shaƙe yaro, ko gaya masa cewa akwai wani abu a jikinsa.

Me addini ya ce? Mai in'ina zai iya limanci?

Annabi Musa, Alaihis Salam, wanda Allah ya yi magana da shi, ya roƙi a warware masa ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa. Addu'ar tana Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28. A Suratul Ƙasas, aya ta 34, ya ce ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe. A Suratuz Zukhruf, aya ta 52, wanda ya yi masa gori da cewa da ƙyar yake iya bayyana magana, Fir'auna ne. Mai yi wa mutum gorin harshe sai ya duba sahun da ya shiga. 'Yan'uwa Kirista za su sami labarin a Littafin Fitowa, sura 4, inda Musa ya ce bakinsa da harshensa suna da nauyi.

Akwai kuma hadisin Nana A'isha da ke cewa wanda yake karanta Alƙur'ani yana cijewa a ciki, yana ba shi wuya, lada biyu gare shi. Batun limanci, a mazhabar Malikiyya Mukhtasar na Shehu Khalil ya lissafa mai nauyin harshe cikin waɗanda ya halatta a bi su salla. Da ma masu in'ina da yawa ba sa cijewa a ƙira'a.

Gaskiya ne masu in'ina suna da saurin fushi?

Ba halitta ba ce. Ka gwada a katse ka sau goma a yini, a ƙarasa maka magana da abin da ba shi kake nufi ba, a yi dariya, ka ga ko ba za ka hasala ba.

Ni babba ne, shekarata ta haura talatin. Lokaci ya wuce mini?

Bai wuce ba, sai dai a gaya maka gaskiya: a wurin babba da wuya ta tafi gaba ɗaya. Abin da ake samu, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne ta yi sauƙi ta daina juya ka. Hanyoyin iri biyu ne. Ɗaya tana koya maka sabon salon furuci: shiga kalma a tausashe, sassauta leɓe da harshe, ɗan jan sauti. Ɗayar, wadda aka fi dangantawa da wani masani Ba'amurke, Charles Van Riper, shi ma mai in'ina, tana koya maka ka daina kokawa da ita, in ta zo ka fita daga cikinta a hankali, ka kuma daina gudun kalmomi da wurare. Ƙwararru da yawa suna haɗa biyun. Sarki Joji na 6 na Ingila, mahaifin Sarauniya Elizabeth, yana da shekara 30 ya fara zuwa wurin wani ƙwararren gyaran magana, Lionel Logue, a 1926, kuma shi ne ya yi wa ƙasarsa jawabi ta rediyo ranar 3 ga Satumba 1939 da ƙasar ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. In'inar ba ta bar shi ba, aiki ya yi da ita. Joe Biden ma ya sha ba da labarin tasa.

Dabarar da mutane da yawa suke jin daɗinta ita ce faɗa tun farko. A ganawar neman aiki, ko gaban iyayen yarinya, ko a waya: "Ranka ya daɗe, ina da in'ina, a ɗan yi haƙuri da ni." Rabin nauyin ɓoyewa ne, in ka faɗa ya sauka. Ka lura da kanka kuma: in kullum ƙaninka kake turawa ya yi maka ciniki, ko saƙon rubutu kake yi inda ya kamata ka kira, tsoron ƙaruwa yake yi. Ka fara da ƙaramin abu, kamar saƙon murya a WhatsApp wanda ba za ka goge ka sake ba.

Mata masu in'ina sun fi ɓoyuwa, don shirun mace ana ɗaukarsa kunya ce da tarbiyya. Miji ko uwa su lura ko shirun nan zaɓi ne ko gudu.

Akwai ƙungiyoyin masu in'ina?

Akwai. A Amurka akwai Stuttering Foundation da Malcolm Fraser ya kafa a 1947, a Birtaniya akwai STAMMA wadda ta faro a 1978, kuma dukansu suna da bayanai kyauta a intanet ga iyaye da malamai, galibi da Turanci. A Afirka, an yi taron farko na nahiyar kan in'ina a birnin Duwala na Kamaru a 2005, kuma Gana tana da ƙungiyarta ta masu in'ina. Tun 1998 ake ware 22 ga Oktoba a matsayin ranar wayar da kai kan in'ina ta duniya. Da Hausa kam abin karantawa da na saurare ya yi ƙaranci, gidajen rediyonmu suna da aiki a gabansu. Kafin nan, mutum huɗu ko biyar masu in'ina da za su riƙa haɗuwa bayan la'asar sau ɗaya a wata, kowa ya yi magana ba mai katse shi, sun riga sun zama ƙungiya.

Mahaifinmu bai taɓa in'ina ba, kwatsam ya wayi gari maganarsa tana sarƙewa.

Wannan daban ce da ta yara, kuma ba a jira da ita. Maganar babba da ta canza farat ɗaya tana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari, ko sakamakon buguwa a kai bayan haɗarin babur, ko illar wani magani da ya fara sha. Ku duba ko bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi. Ko kun ga haka ko ba ku gani ba, ku kai shi asibiti a ranar, ku tafi da duk magungunan da yake sha, ku kuma gaya wa likita daidai lokacin da abin ya fara.